Kumburi da Garkuwar Jiki: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya taɓa taka ƙaya, ko rina ta harbe shi, ko maruru ya fito masa, ya ga kumburi da idonsa. Wurin ya ɗau zafi, ya tasa, ya riƙa zogi har ba ka son ko riga ta taɓa shi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wannan tasawar ita ce cutar, shi ya sa muke garzayawa kemis neman abin da zai kwantar da ita nan take. Alhali a mafi yawan lokuta jikinka ne yake ƙoƙarin kare kansa da gyara ɓarnar da aka yi masa. Akwai kumburin da ya dace a bar shi ya gama aikinsa, akwai wanda ya kamata a rage masa ƙarfi, akwai kuma wanda yake nuna cewa rai yana cikin haɗari.

Mene ne kumburi?

A wurin likitoci, kumburi shi ne martanin da jiki yake mayarwa idan wani sashe nasa ya ji rauni ko ƙwayoyin cuta suka shige shi. Yanka, ƙuna, targaɗe, cizon sauro da hayaƙi duk suna iya tayar da shi. Ƙwayoyin cuta kuwa halittu ne ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita. Daga cikinsu akwai bakteriya, masu kawo taifot da tarin fuka, da bairos, masu kawo mura da ƙyanda, da irin wadda sauro ke sa wa mutum ta maleriya.

Wani marubuci na daular Rum mai suna Selsus, wanda ya rayu kusan shekara 2,000 da suka wuce, ya lissafa alamomi huɗu na kumburi: ja, zafi, tasawa da ciwo. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato wurin ya kasa yin aikinsa, kamar gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa. A baƙar fata jan nan ba lallai ya fito sosai ba. Sau da yawa sai dai ka ga wurin ya ƙara duhu ko yana sheƙi, don haka ka taɓa da bayan hannunka ka kwatanta zafinsa da na ɗaya gefen.

Ba kowace tasawa ce irin wannan ba. Ƙafafun da suka hau duka biyu babu zafi babu zogi, ka danna yatsa ya lotsa, galibi ruwa ne ya taru saboda ciwon zuciya, ƙoda, hanta, juna biyu ko tamowa, kuma hanyar maganinsu daban ce. Haka nan kumburi yana iya faruwa a ciki inda ba ka gani, a huhu, a hanta ko a hanji.

Me ke faruwa idan ƙaya ta soke ka?

Kafin komai, jiki yana ƙoƙarin hana cuta shiga tun daga waje. Fata, majina, gashin hanci, hawaye, yawu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi duk wannan aikin suke yi dare da rana.

To mu ce ƙaya ta huda maka diddige, ta shigar da bakteriya daga ƙasa. Cikin ɗan lokaci jini ya daskare a bakin raunin ya toshe shi. A ƙarƙashin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune suna jiran irin wannan rana. Ƙwayar halitta ita ce ɗan ƙaramin abu mai rai wanda tarinsa ne ya haɗu ya zama fata, nama, ƙashi da jini. Da zarar sun ji an yi ɓarna sai su saki wasu sinadarai, mafi shahara a ciki shi ne histamin.

Histamin yana buɗa ƙananan jijiyoyin jinin wurin, jini mai ɗumi ya kwararo da yawa. Daga nan ja da zafi suka samo asali. Yana kuma sassauta bangon jijiyoyin, ruwan jini ya tsattsafo cikin nama ɗauke da abubuwan yaƙi da cuta. Wannan ruwan shi ne tasawar da kake gani. Wani sinadarin kuma, furostagilandin, yana sa jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa su yi saurin ji, ta yadda ɗan taɓi kaɗan sai ka zabura. Ciwon ma yana da amfaninsa, domin shi ke hana ka ci gaba da taka ƙafar kafin ta warke.

Bayan 'yan awoyi sai fararen ƙwayoyin jini su iso, waɗanda ake yi wa laƙabi da sojojin jiki. Na farkon zuwa sunansu niyutrofil. Suna manne wa bangon jijiya, su kutsa ta tsakanin ƙwayoyinsa su fito, su bi sawun sinadaran har inda ƙayar ta shiga, su haɗiye bakteriya su narkar da su. Ba su da tsawon rai, yawancinsu nan suke mutuwa. Mugunyar da ke taruwa a maruru ko gyambo gawarwakinsu ce haɗe da matattun bakteriya da rugujajjen nama. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai wasu manya masu suna makrofej su karɓi aikin. Su ne ke share wurin, su cinye tarkacen har da gawarwakin niyutrofil, sannan su ba da sanarwar a tsaya haka nan, a fara gyara. Sababbin jijiyoyi su tsiro, sabon nama ya cike ramin, a bar tabo ko a rufe babu alama.

Abin ya yi kama da gayya. Katanga ta faɗi, an yi shela, jama'a sun cika layi har hanya ta cushe, an kwashe ɓaraguzai an tayar da gini, sannan kowa ya koma gidansa. Wannan watsewar tana cikin aikin, kuma cututtuka da dama da za mu ambata a gaba suna faruwa ne idan ba a watse ba.

Daga ina waɗannan fararen ƙwayoyi suke fitowa?

Daga ɓargo. A ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba, mai lafiya yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 zuwa 11,000, ga kuma jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 5 masu ɗaukar iska. Ɓargon babban mutum yana ƙera niyutrofil kusan biliyan 100 a kowace rana, kuma idan cuta ta shiga yana ƙara yawansu.

Wanda ya fara gane cewa waɗannan ƙwayoyi kare jiki suke yi shi ne Elie Metchnikoff, masanin dabbobi daga daular Rasha. A 1882, a garin Messina na Italiya, ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan wata halittar ruwa da ake kira tauraron teku, waɗanda jikinsu garau yake ana hango cikinsa. Washegari ya duba ya ga ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Nobel a 1908.

Me ya sa wasu cututtuka ba sa kama mutum sau biyu?

Abin da muka bayyana zuwa yanzu garkuwa ce da aka haife ka da ita. Tana da sauri, amma ba ta tantance wannan cuta da waccan, kowa iri ɗaya take tarbarsa. Akwai garkuwa ta biyu wadda jiki ke koya a hankali, kuma masu aikinta wasu fararen ƙwayoyi ne da ake kira limfosayit. Nau'i biyu ne. Masu suna B suna ƙera antibodi, wani sinadari da ke manne wa ƙwayar cuta guda takamaimai, ya hana ta motsi ko ya sa mata alama don a cinye ta. Masu suna T kuma wasunsu suna kashe ƙwayoyin jiki da bairos ya ɓuya a ciki, wasunsu suna ba sauran umarni.

Inda suke haɗuwa da labarin cutar shi ne cikin wasu ƙananan ƙulle-ƙulle da ke wuya, hammata da matsematsi. Idan ka ji ciwo a yatsan ƙafa sai kaluluwa ta fito maka a matsematsi, limfosayit ne suke hayayyafa a wurin. Irin wannan kaluluwar takan sauka da kanta idan ciwon ya warke. Wadda ta yi makonni ba ta sauka ba, ko tana girma, ko tana tare da rama da gumin dare, ita ce ake kai wa likita.

A karon farko wannan garkuwa tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kankama. Bayan an ci nasara, wasu daga cikin ƙwayoyin suna zama a jiki shekara da shekaru suna riƙe da kamannin cutar, idan ta dawo su gama da ita kafin ka san ta zo. A kan wannan aka gina rigakafi: a nuna wa jiki ƙwayar cuta da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɓangare nata, ya koya ba tare da ya sha wahalar cutar ba. Edward Jenner ya gwada rigakafi a Ingila a 1796 kan cutar agana, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana daga doron ƙasa. Saboda haka, uwa, idan an yi wa jaririnki allura cinyarsa ta ɗan tasa, jikinsa ya yi ɗumi na kwana ɗaya ko biyu, koyon ne yake gudana. Ɗan ƙurjin da allurar BCG ke fitarwa a dantse ya bar lamba shi ma haka ne.

Za ka iya tambaya, to me ya sa mura da maleriya suke ta dawowa? Bairos masu kawo mura sun fi iri 100, wanda ka koya bara ba shi ne ya zo bana ba. Ƙwayar maleriya kuwa tana yawan sauya kamanninta, garkuwar da ake samu a kanta rabi-rabi ce, sai an sha kamuwa take taruwa, kuma tana raguwa idan mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar. Shi ya sa ta fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar illa.

Zazzaɓi fa, cuta ne ko kariya?

Zazzaɓi kumburi ne da ya game jiki. Fararen ƙwayoyi suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai masu suna sitokayin. Idan saƙon ya kai ƙwaƙwalwa sai ta ɗaga zafin jiki daga wajen digiri 37 zuwa 38 ko sama, domin ƙwayoyin cuta da dama ba sa jin daɗin hayayyafa a zafi, su kuma sojojin jiki suna ƙara kuzari. Rawar ɗarin da kake yi a farko hanya ce ta samar da wannan zafin. Kasala, barci da rashin son abinci duk daga sitokayin suke. Aikin yana cin ƙarfi, domin kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ƙara abin da jiki ke ƙonawa da kusan kashi 10 cikin 100, ga ruwa da ke fita ta gumi. Don haka mai zazzaɓi yana bukatar ruwa sosai da abinci ko kaɗan-kaɗan ne.

Zazzaɓi ba ya faɗa maka wace cuta ce ta kawo shi. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, kuma gwajin ɗigon jini na gaggawa yana raba gardama cikin kusan minti 20.

Yaushe kumburi ke komawa cuta?

Wani lokaci garkuwar jiki tana tashi kan abin da ba shi da illa, kamar ƙura, gyaɗa, kifi ko wani magani. Sakamakon shi ne borin jini, atishawa, ƙaiƙayin ido ko asma, wadda kumburi ce a hanyoyin iska na huhu. Idan bayan cin wani abu, ko allura, ko harbin zuma, leɓe da harshe suka kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, mintuna ne suka rage. Maganinsa allurar adirenalin ce, kuma a asibiti take.

Wurin da kumburin ya faru ma yana da muhimmanci. Diddige yana da sararin tasawa, ƙoƙon kai ba shi da shi. Sanƙarau, wanda ke yawaita a yankinmu lokacin rani, kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma matsin da yake jawowa yana cikin abin da ke kisa ko ya bar yaro da kurumta.

Mafi muni shi ne sefsis. A nan cutar ta fi ƙarfin wuri guda, martanin ya bazu ko'ina, abin da ya faru a diddige yana faruwa a jijiyoyin jiki baki ɗaya. Duk sun buɗe suna yoyo, bugun jini ya faɗi, ƙoda, huhu da ƙwaƙwalwa su rasa isasshen jini. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a shekarar. Yakan fara daga abin da aka raina: cibiyar jariri da ta yi ruwa, zazzaɓin mai jego, ciwon sanyin fitsari, gyambon ƙafa ko namoniya.

Sai kumburin da ba ya mutuwa, wanda ke ci a hankali watanni ko shekaru, sau da yawa ba tare da zogi ba. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B na iya zama a jiki shekaru, garkuwa tana ta kai masa hari, hanta tana ta yin tabo kan tabo har ta ƙanƙance ko ta yi kansa. Yawancin gyambon ciki wata bakteriya ce ke haddasa shi ta hanyar kumbura bangon tumbi, binciken da ya ba wasu likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, lambar Nobel a 2005. Toshewar jijiyoyin da ke kawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ita ma akwai hannun kumburi a ciki, kuma taba sigari, teɓa da sukarin da ya hau a jini suna rura shi.

A wasu mutanen kuma garkuwar tana juyowa kan jikin mai ita. Hakan ke faruwa a wani nau'in amosanin gaɓɓai mai kama yatsun hannu biyu da sanƙarewar safe, da ciwon suga irin na yara. Ciwon makogwaro na bakteriya da ba a yi wa yaro magani ba ma yana iya sa garkuwarsa ta lalata masa ƙofofin zuciya. Waɗannan cututtuka ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsu daga wani.

Su wa suka fi rauni?

Jarirai, tsofaffi, masu juna biyu, yara masu tamowa, masu ciwon suga da masu shan maganin kansa. Masu sikila suna ciki, domin saifarsu, wadda ke tace bakteriya daga jini, tana lalacewa tun suna ƙanana. Ƙwayar HIV kuwa tana kashe limfosayit T masu ba da umarni ne, waɗanda ake ƙirgawa a gwajin CD4. Idan suka faɗi ƙasa da 200 sai cututtukan da ba sa iya kama mai lafiya su sami ƙofa. Ƙyanda ma tana goge wani ɓangare na abin da garkuwar yaro ta riga ta koya, shi ya sa yakan yi ta laulayi bayan ta.

A irin waɗannan mutane alamomin kumburi kan yi rauni. Jariri ko yaro mai tamowa na iya ɗauke da muguwar cuta jikinsa kuma ya yi sanyi maimakon zafi. Tsoho kuma wataƙila ruɗewa kawai za ka gani.

Jariri yana zuwa duniya da antibodin da ya samu daga uwarsa, suna kare shi na wasu watanni. Dakashi, nonon farko mai kauri da kalar rawaya, cike yake da su. Zubar da shi babbar asara ce ga jaririn.

Magungunan kumburi, me suke yi?

A 1971 John Vane na Ingila ya gano cewa asfirin yana hana jiki ƙera furostagilandin. Ibufrofen da diklofenak ma haka suke aiki, shi ya sa suke rage ciwo da tasawa. Matsalar ita ce furostagilandin ɗin nan shi ke kare bangon tumbi, yana kuma taimaka wa jini ya isa ƙoda. Wanda ya mayar da su na kullum saboda ciwon jiki bayan aiki yana iya samun gyambon ciki mai zubar jini ko ciwon ƙoda. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita, kuma ba a ba yara asfirin don zazzaɓi. Farasitamol yana sauke zazzaɓi da ciwo amma ba ya rage kumburi sosai, kuma wuce ƙa'idarsa yana lalata hanta.

Akwai masu ƙarfi da ake kira sitiroyid, irin su deksametazon da furednisolon, waɗanda ke danne garkuwar jiki gaba ɗaya. A hannun likita suna ceton rai. A watan Yunin 2020 wani babban bincike na Jami'ar Oxford ya nuna deksametazon ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma bai amfani waɗanda ba sa bukatar iskar asibiti ba. Abin takaici shi ne yadda ake shan su don ƙiba, ko a shafa su cikin man bilicin. Ƙibar da suke kawowa kumburin fuska ce da teɓa, tare da hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da buɗe ƙofa ga cututtuka. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Likita ne zai rage masa a hankali.

Maganin kashe bakteriya, wanda aka fi sani da antibayotik, ba ya taɓa kumburi kai tsaye, kuma ba ya aiki kan bairos. Shan kafso don mura ɓarnar kuɗi ce, yana kuma koya wa bakteriya jure magani.

Nawa ake kashewa?

Kayan da ake talla da sunan ƙara garkuwar jiki su ne suka fi tsada, kuma babu hujjar cewa mai cin abinci isasshe yana bukatarsu. Abubuwan da aka tabbatar da amfaninsu sun fi araha: nonon uwa zalla har wata shida, wake, ƙwai, kifi, ganye da 'ya'yan itace, isasshen barci, motsa jiki, barin taba, wanke hannu da sabulu. A asibitocin gwamnati na Najeriya rigakafin yara kyauta ne, haka maganin tarin fuka da na HIV.

Gwajin ƙirga ƙwayoyin jini yana cikin gwaje-gwaje masu sauƙin kuɗi. Akwai kuma CRP da ESR, waɗanda ke nuna cewa akwai kumburi a jiki, amma ba sa faɗin inda yake ko abin da ya kawo shi. Likita ne zai haɗa su da bayaninka da abin da ya gani.

Yaushe za ka tafi asibiti?

Ƙaramin rauni ka wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, ka cire abin da ya shige, ka rufe da bandeji mai tsabta. Targaɗe kuma ka huta, ka ɗaga wurin, ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na kusan minti 15. Kada ka matse maruru, musamman na fuska, kada kuma ka tsaga kumburi da reza ko ka zuba masa toka ko ƙasa. Kumburin da ke kan hanyar warkewa yana fara ja da baya cikin kwana biyu zuwa uku.

Ka nufi asibiti ba tare da jira ba idan zafin da tasawar suna bazuwa, ko wurin yana wari, ko ƙusa mai datti ce ta soke ka kuma ka daɗe rabonka da allurar sarƙe-haƙora. Haka idan mara lafiya yana numfashi da sauri, ya ruɗe, wuyansa ya sanƙare, yana jijjiga, ko ya wuni bai yi fitsari ba. Jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi ko ya ƙi kama nono, da mai jego da ta yi zazzaɓi, da mai ciwon suga da ya ga gyambo a ƙafarsa komai ƙanƙantarsa, duk ba a kwana da su a gida. Idan za ku tafi, ku ɗauki kwalayen duk magungunan da aka sha, har da na gargajiya da wanda aka haɗa a kemis, domin wasunsu suna ɓoye zazzaɓi kuma likita yana bukatar ya san da haka kafin ya yanke hukunci.